Loire ko Danube: wace hanya ta fi dacewa da doguwar tafiya a kan keke?

Duk wanda ya fara neman inda zai yi doguwar tafiyar keke a Turai, irin wadda ake kwana da kwanaki ana ratsa ƙauyuka da tsofaffin fadojin sarakuna, sunaye biyu ne za su yi ta dawo masa. Na farko kwarin kogin Loire a Faransa. Na biyu gaɓar kogin Danube, daga garin Passau na Jamus zuwa Vienna, babban birnin Ostiriya. A taswira 'yan gida ɗaya ne, domin dukansu yanki ne na hanyar da ake kira EuroVelo 6, wadda ta taso daga Tekun Atlantika ta nufi Bahar Aswad. Amma hutu ɗaya ba ya ɗaukar su biyun, kuma abin da kowace ke ba mutum daban ne. A Danube tuƙi ne kan gaba, a Loire kuwa tsaye-tsaye ne.

Daga Passau zuwa Vienna kilomita 320 ne da 'yan kai, wato ya ɗara Kano zuwa Kaduna da kusan kilomita 100. Mai tafiya a tsanake, yana cin kilomita 50 zuwa 60 a yini, zai gama cikin kwana shida. Mai keken tsere da ƙafa mai ƙwari kwana uku sun ishe shi. Hanyar Loire, wadda Faransawa suka sa wa suna La Loire à Vélo, ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Ta fara daga Cuffy kusa da Nevers ta ƙare a Saint-Brevin-les-Pins a bakin teku, kuma idan aka haɗa da rassanta ta kai kilomita 900. Ba kowa ke yin ta duka ba. Galibi ana yanko tsakiya ne, daga Orléans zuwa Angers, kusan kilomita 300, kuma wannan yankin zan gwada da Danube.

A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya wani ɓangare na kowace hanya cikin wuraren tarihi na duniya, kuma tsawon abin da ta zaɓa ya faɗi gaskiyar bambancinsu. A Loire ta ɗauki kimanin kilomita 280, daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes. A wannan yanki na Danube kuwa ta ɗauki kwarin Wachau, tsakanin Melk da Krems, wanda bai wuce kilomita 36 ba. Wato kyan Danube a dunƙule yake a wurare ƙalilan, sauran hanya ƙafa ce ke aiki. Na Loire a warwatse yake, kusan kowace rana akwai abin da zai sauke ka daga sirdi.

Iska

Sabon shiga yakan tambayi hawa da gangara. A bakin manyan koguna irin waɗannan, ba a nan gizo ke saƙar ba. Passau tana kan tudu mai kimanin mita 300 daga saman teku, Vienna kuwa ƙasa da mita 200, saboda haka gangarar da ke tsakaninsu ƙafa ba ta ma jin ta. Abin da ƙafa ke ji shi ne iska, kuma a wannan yanki na Turai ta fi kaɗowa daga yamma. Danube gabas ya nufa, don haka mai bin ruwa daga Passau yakan sami iska a bayansa mafi yawan kwanaki. Loire kuwa yamma ya nufa. Wanda ya bi ruwa daga Orléans zuwa teku, kamar yadda yawancin littattafan jagora suka tsara, yakan yi karo da iskar ƙirji da ƙirji, musamman a kan dogayen jingar da aka gina don tare ambaliya, inda babu bishiya balle gini da zai kare shi. Maganin abin mai sauƙi ne: a juya tafiyar, a fara daga Angers a nufi Orléans. Ba doka ba ce, iska tana sauya ra'ayi, amma idan ana maganar rinjaye, wanda ya fuskanci gabas shi ke da riba a hanyoyin biyu.

Abin da taya za ta taka

Nan Danube ya yi wa Loire fintinkau. Yawancin hanyarsa ta bi tsohuwar turbar da dawakai ke bi a da suna jan jiragen ruwa, an shimfiɗa mata kwalta, kuma mafi yawanta babu mota. A wurare da dama akwai hanya a gaɓa biyu, sai mutum ya zaɓa, ya tsallaka ta kan gada, ko ta kan madatsun lantarki irin na Jochenstein da Ybbs-Persenbeug, ko ya shiga ƙaramin jirgin fito da ke ɗaukar masu keke. A Schlögen, inda kogin ya ci karo da dutse ya yi kwana kamar zai koma inda ya fito, jirgin fiton ma wani ɓangare ne na tafiyar. Ɓata hanya a nan sai da ƙoƙari.

Loire gauraye ce. Akwai kwalta mai santsi a kan jinga, akwai ƙananan titunan ƙauye da ake rabawa da motoci da taraktoci, akwai wuraren da aka daddaɓe tsakuwa, sannan cikin tsofaffin garuruwa akwai daɓen duwatsu mai girgiza haƙori. Mai taya siririya ƙwarai zai sha faci. Wadda faɗinta ya kai milimita 28 zuwa 32 ta fi zama lafiya. Sai dai wannan gaurayen yana da nasa amfanin ga mai son gudu. Karkarar Faransa cike take da ƙananan titunan kwalta marasa cunkoso, kuma doka ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a wajen gari. Idan alamun hanya suka nuna tsakuwa, mai keken tsere yana iya kauce musu ya bi titi, ya tarar da hanyar a ƙauye na gaba. A Danube kuwa, a watannin Yuli da Agusta turbar takan cika da iyalai da dattawa a kan keke mai batir, kuma mai son sheƙa gudu zai yini hannunsa a kan birki. Akwai kuma wuraren da ido ke gajiya, kamar unguwar masana'antu ta Linz, da doguwar miƙaƙƙiyar jinga bayan an wuce Krems.

Fadoji

Idan gine-gine ne suka fito da kai daga gida, a nan ya kamata ka daɗe kana tunani, domin iri biyu ne mabambanta.

Na bakin Danube yawancinsu an gina su ne don tsaro da karɓar kuɗin fito daga jiragen fatake, shi ya sa suke can saman duwatsu suna leƙen ruwa. Aggstein yana tsaye kimanin mita 300 sama da kogin, kuma kango ne. Na Dürnstein ma kango ne, tun da sojojin Suwidin suka tarwatsa shi a 1645. Daga kan keke suna da kwarjini, amma kai wa gare su sai an jingine keke an hau da ƙafa, ko a yi fama da hawa mai tsini, kuma takalmin tuƙi mai ƙarfe a tafinsa ba abokin hawan dutse ba ne. Wasu kuma, kamar Schönbühel da Persenbeug, gidajen mutane ne har yau, sai dai kallo daga waje. Ɗaya daga cikin manyan gine-ginen hanyar ma ba fadar sarki ba ne, gidan ibadar malaman Kirista ne na Melk, wanda aka kafa a 1089 aka sake gina shi tsakanin 1702 da 1736, mai ɗakin karatu da ke ɗauke da littattafai kusan 100,000.

A Loire labarin ya sha bamban. Akwai gidajen yaƙi na gaske, kamar na Angers mai hasumiya 17 da aka gina a ƙarni na 13, da na Chinon inda jarumar Faransa Jeanne d'Arc ta gana da Sarki Charles na Bakwai a 1429. Amma bayan yaƙin shekara ɗari da Ingila ya ƙare a 1453, kuma igwa ta rage wa katanga daraja, sai sarakunan Faransa da fadawansu suka koma gina gidajen nuna isa da jin daɗi, da salon da suka gano a yaƙe-yaƙensu na Italiya. Farin dutsen yankin mai laushi ne, yana karɓar sassaƙa, sai magina suka samu yadda suke so. Sarki François na Ɗaya ya fara Chambord a 1519 a matsayin masaukin farauta, ga shi da ɗakuna sama da 400, da murhun jin ɗumi 282, da matakala biyu da suka nannaɗe juna ta yadda mai hawa da mai sauka ba sa haɗuwa. Katangar da ta kewaye dajinsa kaɗai kilomita 32 ce, kuma da keke ake ratsa dajin har bakin ginin. Chenonceau an gina ta ne a kan kogin Cher, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, har mutane suka riƙa tserewa ta dogon zaurenta. Villandry lambunta ake zuwa gani. Muhimmin abu ga mai keke shi ne yawancinsu a ƙasa suke, ko a tsakiyar gari. Ka ɗaure keke, ka sayi tikiti, ka shiga.

Wannan sauƙin shi ne tarkon Loire. Kowace fada tana cin sa'a biyu zuwa uku, kowace da kuɗin shigarta wanda galibi ya haura yuro 10, kuma manyan ba a bakin kogin suke daidai ba. Chambord sai an ratse daga wajen Blois, Chenonceau daga Amboise, kowace ta ƙara kilomitoci a kan lissafin yini. Wanda ya tsara kilomita 100 da fada biyu a rana ɗaya zai rasa ɗaya daga ciki. A ganina fada ɗaya a yini ta isa, kuma bayan ta huɗu ko ta biyar gadajen sarauniyoyi sukan fara kama da juna.

Ga mai karatu Musulmi, Amboise tana da wani nauyi da ya wuce na gini. Jama'a suna tururuwa can saboda shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a garin a 1519 aka binne shi a harabar fadar. Amma a wannan fadar ce Faransa ta tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya da iyalinsa da mabiyansa daga 1848 zuwa 1852, bayan ya ajiye makami a kan alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas, alkawarin da aka saɓa. Mutum 25 daga cikin tawagarsa a nan suka rasu, kuma a 2005 aka yi wani lambu a harabar fadar don tunawa da su, aikin ɗan Aljeriya Rachid Koraïchi. Wuri ne na tsayawa a yi addu'a. Wani abin sha'awa kuma, mutum ɗaya ya haɗa hanyoyin biyu: Richard sarkin Ingila, wanda ya gwabza da Salahuddin. A hanyarsa ta komawa gida aka kama shi kusa da Vienna a ƙarshen 1192, Leopold na Biyar mai mulkin Ostiriya ya tsare shi a Dürnstein saboda wulaƙancin da Richard ya yi masa a birnin Akka. Da ya mutu a 1199 aka binne shi a Fontevraud, 'yan kilomitoci daga bakin Loire kusa da Saumur. Mai bin Danube zai ga kurkukunsa, mai bin Loire ya ga makwancinsa.

Ba duka abin gani ne mai daɗi ba. Kusa da Linz akwai Mauthausen, sansanin da 'yan Nazi suka hallaka dubban mutane, yana kan tudu sama da hanyar. Wanda ya zarce da Loire har Nantes zai isa tashar da ta fi kowace a Faransa safarar bayi daga Afirka, inda aka buɗe wurin tunawa da hakan a bakin kogi a 2012. Tsakanin Orléans da Blois kuma za ka ga hasumiyoyin tashar nukiliya ta Saint-Laurent suna fitar da tururi, kuma ɗan Nijar da ya san shekarun da Faransa ta kwashe tana ɗibar yuraniyom a Arlit ba zai wuce su haka kawai ba.

Ƙauyuka, ciki da salla

Ƙauyukan Wachau, irin su Spitz da Weissenkirchen, a matse suke tsakanin ruwa da tuddan inabi, an share su tas, kuma sun saba da baƙi masu keke har kusan kowane gida mai ɗakin haya yana da wurin ajiye keke. Na Loire sun fi yawa kuma sun fi bambanta. Wajen Saumur akwai gidajen da aka fafe cikin dutse, a ramukan da aka haƙo duwatsun gina fadoji, wasu ana zaune a ciki, wasu ana noman naman kaza. Candes-Saint-Martin da Montsoreau, inda kogin Vienne ya haɗu da Loire, sun cancanci a kwana. A Faransa a nemi alamar Accueil Vélo, wadda ake ba masaukin da ke kusa da hanya kuma yake da wurin kulle keke da kayan gyara.

Duk yankunan biyu ƙasar inabi da barasa ce, kuma naman alade ya shiga abinci da yawa ba tare da ya nuna kansa ba. A Tours abin da suke alfahari da shi, rillettes, alade ne. A Ostiriya soyayyen naman nan da ake kira schnitzel sau da yawa na alade ne sai in an rubuta na maraƙi ne, kuma ko na maraƙin ba yankan Musulmi ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne kifi, ƙwai, burodi da cuku. A nan Loire ta ɗan fi, saboda cukun akuya irin na Sainte-Maure da gidajen burodin ƙauye, ga kuma mahautan halal da masallatai a Orléans, Blois, Tours da Angers, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar yini ɗaya ko biyu ba. A Danube sai a Passau, Linz, Krems da Vienna za a fi samun shagunan Turkawa. Babban masallacin Vienna, wanda aka buɗe a 1979, yana dab da kogin, kusan a kan hanyar shiga birnin. A kula da ranaku: kantunan Ostiriya a rufe suke ranar Lahadi, a ƙauyukan Faransa kuwa da yawa sukan rufe da tsakar rana da kuma ranar Litinin. Wanda bai sa guzuri a jaka ba zai yi tuƙi da yunwa.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Loire sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Vienna kuwa wajen ƙarfe 9. Wannan yana ba da dogon yini na tuƙi, amma yana matse daren tsakanin Isha'i da Asuba, ga jiki a gajiye. Matafiyi yana da sassaucin ƙasaru, sai dai duk da haka Mayu da Satumba sun fi daidaita barci, ga sauƙin zafi da cunkoso.

Harshe, takardu da komawa

Mutumin Nijar, Kamaru ko Chadi mai jin Faransanci a Loire yake kamar a gida, zai yi ciniki, ya tambayi hanya, ya fahimci bayanin mai jagora. Mai Turanci kaɗai zai fi sakewa a Danube, inda masu masauki suka saba da shi. Ƙasashen uku duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta wadatar, kuma ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa. Mai bin Danube ke nan Ostiriya zai nufa, ko da ta Jamus zai shiga, tunda 'yan kilomitoci bayan Passau an bar ƙasar Jamus. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000.

Jirgin ƙasa yana bin Loire kusan gari bayan gari, kuma daga Paris zuwa Orléans kimanin sa'a ɗaya ce. Da rani akwai jiragen da ake ware wa kekuna wuri na musamman. Idan gwiwa ta ƙi, ko ruwan sama ya tsuge, tasha ba ta da nisa. A Danube ba ko'ina layin dogo ke bin kogin ba, musamman tsakanin Passau da Linz, kodayake jiragen ruwa na fasinja sukan ɗauki keke. Ambaliya ma takan rufe turbar, kamar yadda aka gani a Yunin 2013 lokacin da ruwa ya shanye tsohon garin Passau, don haka a duba labarin ruwa kafin a tashi.

Akwai zaɓi na uku ga wanda kwana biyu kawai gare shi: kogin Rhine tsakanin Bingen da Koblenz a Jamus, kilomita 65 da ke ɗauke da fadoji da kangaye kusan 40. Babu inda ya kai shi yawan su a ɗan taƙi, amma titin mota da layin dogo suna gefenka kusan duk tsawon hanyar, kuma ba za a kira ta doguwar tafiya ba.

To wace za a ɗauka? Wanda bai taɓa kwana a hanya da keke ba, ko zai tafi da iyali, ko mako ɗaya kacal gare shi, ya ɗauki Danube, ya ware yini guda cur don Wachau kada ya ratsa ta cikin sa'a biyu. Wanda burinsa ya ga kilomitoci suna taruwa ba tare da tunanin mota ko taswira ba, shi ma Danube, amma a Mayu ko Satumba. Wanda kuwa ya ga hoton fada a kan ruwa ya ji yana son shiga cikinta, ko yana jin Faransanci, ko yana da kwana goma, Loire ce tasa. Ni da za a ba ni zaɓi sau ɗaya tak, ita zan ɗauka: in fara daga Angers, in kwana biyu a Amboise, kuma kada tafiyar yini ta wuce kilomita 60.